Murfin Tayar Hagu

Ranar da aka sauke motar daga kwantena, duk ma'aikatan garejin suka bar aikinsu suka zagaye ta. Ƙirar 1936 ce, doguwa, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya. A zamaninta kamfani inji da ƙashin mota kawai yake sayarwa, attajiri ya kai wa maƙera su gina masa jiki da hannu, yadda ransa yake so. Don haka ba ta da 'yar'uwa a duniya, ga shi kuma murfin tayarta ta gaba, na hagu, ya ɓace tun a wajen mai ita na farko.

Nana Firdausi, injiniya 'yar Zariya da ke aiki a garejin, can a ƙasar Larabawa, ita ta ce a ba ta aikin. Ta auna murfin dama da na'ura, ta juya hoton a kwamfuta, aka ƙera na hagu. Da aka zo ɗaurawa sai ya ƙi zama. Gaba ya hau, baya ya bar giɓin da yatsa zai shige.

Ta sake aunawa, nan ta gane abin da ya faru. Hagu da dama na motar ba daidai suke ba, hannun mutum ne ya yi su. Manaja ya ce, "Khalas, shi ke nan, a cike giɓin da foti a shafa fenti. Baje kolin motoci ya matso."

Ta ce ba da hannunta ba.

A gidansu na unguwar Muraqqabat, yayanta Badaru, mai harkar kago, wato aika kaya gida, a kasuwar Sabkha, ya ture farantin shinkafa ya dube ta. "Ke Firdausi, bizarki a hannun mutanen nan take fa. Wa zai leƙa ƙarƙashin fenti?"

"Yaya, motar nan ta kusa shekara casa'in. Duk wanda ya buɗe ta bayana zai ga inda na yi ha'inci."

"To, Allah ya ba da sa'a. Taurin kan nan na Baba ne."

Ta samo katako, ta sassaƙa siffar murfin a jikin motar kanta, tana bin karkatarta. Sannan ta ɗauki guduma da fallen alminiyom. Na farko ya tsage. Na biyu ya yi tudu a tsakiya. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ta naɗe da bandeji ta ci gaba, ga zafin Agusta da ko iyakwandishan ba ya iya masa.

Baje kolin ya zo ya wuce babu motar. Manaja ya yi sati ba ya amsa gaisuwarta.

Murfi na huɗu da ta ƙera ne ya zauna. Mai motar, wani dattijo Balarabe, ya zo ya bi gefen murfin da yatsa tun daga fitila har ƙofa, ya ce, "Wanne ne sabon?"

Firdausi ta nuna masa, ta ce saura ƙofar baya, ita kuma katakon cikinta ya ruɓe, gobe za ta fara.