Mutum Ɗaya, Waya Ɗaya

Tana tsaye gaban farin allo tana yi wa Oga bayani wayarta ta yi ƙara. Mai Zane ake ce mata a ofis, don ba ta barin kowa ya fara rubuta manhaja sai ta zana tsarinta tukuna: akwati nan, akwati can, layi a tsakani. Dogo, da ya fi kowa saurin hannu a kwamfuta, kullum sai ya tsokane ta: wai su suna gini, ita tana zanen 'yan firamare. Duk da haka zanenta aka bi sau da ƙafa wajen gina wa asibitin ido manhajar da ke tura wa marasa lafiya saƙon ranar zuwa. Ba ƙaramin ji da wannan take yi ba.

Babanta ne ya kira.

"Uwata, ga mu a asibiti. Wai ranar aikin idon mamanki ta wuce, sun ce sun turo saƙo."

"Ba ku gani ba, Baba?"

"Nawa dai ya zo, na gwajin tabarau. Nata shiru. Yanzu wai sai mu sake bin layi daga farko."

Mama ta daɗe tana laluben bango kafin ta kai ƙofa, wannan ranar kawai take jira.

Ta juya ta dubi allon, zanen manhajar asibitin yana nan. Ga akwatin mara lafiya, ga na lambar waya, ga abin da ta rubuta da hannunta a kan layin: mutum ɗaya, waya ɗaya. Iyayenta kuwa waya ɗaya gare su. Mama ta ce me za ta yi da abin da ba ta gani. Da Baba ya yi rajista daga baya, sunansa ya ture nata.

Dogo, da ya ji komai, ya jawo kujera, yau babu tsokana.

"Bari in duba, ƙila ni na yi kuskure."

"Kada ka wahalar da kanka. Abin da na zana ka gina."

Oga ya tambaya gidaje nawa ne masu waya ɗaya haka. Ta sa babban yatsa ta goge rubutun, ya ƙi fita, tawadar ta daɗe da bushewa.

Ashe Baba bai kashe wayar ba.

"Uwata, ke da kika san kwamfuta, wane ne ya yi musu wannan aikin?"

"Ga ni nan zuwa, Baba," ta ce, ta ɗauki jakarta.