Baitin Inna Nozibele

Mu matan da ke ɓamɓarar imbaza ba ma sauka kan duwatsun bakin teku sai Inna Nozibele ta ce a sauka. Imbaza dai ƙumbar teku ce, tana manne daidai inda igiyar ruwa ke dukan dutse, mai ɓamɓara kuma a sunkuye take, ta ba teku baya. Dole a sami mai yi mana ido.

Shekara talatin da ɗoriya Inna na wannan aiki. Takan hau dutsen da ya fi tudu, ta ja baiti guda na wata tsohuwar waƙar coci, tana lanƙwasa yatsa duk sanda igiya ta fashe. In baitin ya ƙare da igiya tara ko goma, ruwan na kusa ne, wasa yake yi, a sauka. In biyar ce ko shida, to daga nesa ya taso, jinkirin nan nasa ƙarfi yake tarawa, kowa ta kama hanyar gida. Ladanta tafi biyu ne na imbaza daga buhun kowace mace. Da shi take ci, don ɗanta tun da ya tafi aikin haƙar zinari ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

To bana sau uku ruwa na janyewa sosai, duwatsu baƙi ƙirin da imbaza, sau uku tana cewa shida. Muka koma da buhu wayam. Ni kaina na yi ta ƙunƙuni a hanya, don 'ya'yana sun gaji da gayan tuwon masara. Nomfusi kuwa, matar ƙanin mijina, wadda bakinta ba ya hutu, cewa ta yi tsohuwa ta rikice, a ɗora ƙanwar ita Nomfusin a dutsen tunda tana da waya mai agogo. Aka tsayar da magana a bayan idon Inna: ran Asabar in ta sake hana mu, shi ke nan, ta sauka daga aikin.

Abin ya tsaya mini a rai. Matar nan ce ta taɓa kwarma ihun da ya fitar da uwata daga bakin ruwa, yau kuma a tashe ta haka kawai? Ran Asabar na ajiye ƙarfen ɓamɓarata, na hau na zauna kusa da ita, na ce gwiwa ke damuna. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce raguwar banza, uwata ba haka take ba.

Sai ta fara. Muryar na nan daram, yatsun ma daidai, ba igiyar da ta kuɓuce mata. Amma tana kaiwa tsakiya sai ta tsallake layi biyu sukutum, ta faɗa ƙarshen baitin, ba ta ko sani ba. Shida.  Ashe tekun yana nan yadda yake, waƙar ce ta gajarce mata.

A ƙasa mata sun zubo mana ido, Nomfusi riƙe da ƙugu. Na ce wa Inna ta hutar da maƙogwaro, bari in ja mata, ita ta ƙirga. Ta ce da wannan muryar tawa ai sai kifi ya yi ƙaura, amma ta miƙa hannuwa. Na ja baitin cikakke, sannu-sannu yadda ta saba. Da na shiga layukan da ta tsallake sai na ga kanta ya ɗan juyo wajena, yatsun dai ba su fasa ba. Na ƙare, tara cif.

Ba ta ba da izini nan take ba. Ta daɗe tana kallon yatsunta.

"Nolitha," ta kira ni a hankali, "wannan na tsakiyar, yaushe aka ƙara shi?"

Tausayinta ya cika ni har na kasa haɗa ido da ita.

"Bara ne, Inna. Sabon fasto ne ya ƙara."

 Igiya biyu suka fashe kafin ta gyaɗa kai, kuma na san ƙaryata ba ta shige ta ba.

"To, ni na tsufa da koyon sabon abu. Gobe ma ke za ki ja."

Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta kwance ɗankwalinta ta kaɗa shi sama, mata suka ɗauki buhuna suka sauka.