Labulen Ɗakin Baya

Aikina zana labulen taga a kwamfuta, irin mai falle-falle siri-siri da ake murzawa da sanda. In jera falle hamsin, kowanne da kaurinsa da lanƙwasarsa, sannan in ɗora rana a sama in ga yadda haske zai zubo cikin ɗaki. Shekara tara ina yi, ban taɓa yi wa rana ƙarya ba sai da aka zo kan uwata.

Yaya ne ya same ni a ofis. Ɗakin Umma na gaba yake so ya zuba ƙarafan motsa jiki, ita kuma a mayar da ita ɗakin baya. Umma kuwa ido ya yi rauni, ba ta iya zura zare a allura sai da hasken safe, kuma ɗinkin nan shi kaɗai ya rage mata.

"Auta, yi mata hoto mai kyau," in ji shi. "Maganarka take ji."

Na auna ɗakin tsaf. Bangon maƙwabta hawa uku ne, taku biyu daga tagar, ina sa shi a kwamfuta hoton ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai na goge bangon. Dannawa ɗaya fa. Na karkata fallayen, haske ya kwanta layi-layi a kan gado, har da 'yar ƙura na sa tana yawo a ciki, don tsabar rashin kunya.

Umma ta kai hoton dab da hancinta.

"Ashe labule ne kawai ɗakin nan ya rasa," ta ce. "Allah ya yi maka albarka."

Da kanta ta kwashe zarurrukanta ta koma. Yaya ya sa aka ɗaura mata labulen gaske, irin na hoton sak, falle hamsin cif.

Yau wata biyu ba ta ɗinka ko maɓalli ba. Jiya da safe na leƙa, na tarar da ita tsaye tana murza sandar, hoton a ɗaya hannun.

"Auta, na kasa gano daidai inda ka tsayar da shi. Hannuna ne ya lalace, ko?"

Yaya na bakin ƙofa da tawul a wuya, yana kallona yana murmushi. Na tsane shi, wallahi, amma na fi tsoronsa.

"Ƙara murzawa kaɗan, Umma," na ce. "Kin kusa."