Katangar 'Yardada

Ruwan ranar Talata da la'asar shi ya kayar da katangar 'Yardada. Ba ta faɗa kan kowa ba. Ruwa ta sha ta ƙoshi, ta sulale a hankali kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza, ta toshe lungun da jar ƙasa. Kafin rana ta faɗi samari sun kwashe. Aka kafa itace, aka ɗaura zana da tsofaffin tabarmi, don kada mai wucewa ya ga matan gida.

Hashim na cikin masu kwasar. Robobi yake sayarwa a Ƙofar Wambai, shi ne kuma shugaban ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarsu, can ciki da Ƙofar Na'isa. Bana yana neman takarar kansila. Ba mai yawan magana ba ne, har wasu na cewa siyasa ba ta dace da bakinsa ba.

Da aka gama kowa ya watse, shi ya tsaya riƙe da shebur. Abin da bai taɓa gani ba a wurin ya gani: fili.

Nan ne kwanar da lungun ya fi matsewa. Tsofaffi sun ce da jaki da mangala aka auna shi tun farko, jakin ma ba mai ƙiba ba. In an ɗauko gawa, sai an ɗaga makara sama da kai kafin a karya kwanar. Bara da naƙuda ta kama Luba, ƙanwar Hashim, da rana tsaka, a baro aka turo ta zuwa bakin titi. Ita ta tashi. Ɗan bai zo da rai ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, shi ma ya ce haka. Amma tun ranar abu ɗaya ya zauna masa a rai: keken A Daidaita Sahu ya shiga lungun nan, daga titi har ƙarshensa.

Mutum ɗaya ya taɓa gaya wa. Nazeer, abokinsa tun firamare, wanda ya karanta awon ƙasa bai samu aiki ba.

Washegari ya same shi a kan dakali.

"Kada ka soma," in ji Nazeer tun bai zauna ba. "Na ga irin kallon da kake yi wa wurin jiya."

"Asabar za a kafa harsashi. Da bulo. Ɗan 'Yardada, Ɗahiru, ya aiko da siminti."

"To sai me? Gida nawa abin zai shafa? Ba ka sani ba. Wa zai biya diyya? Wane gida ne na gado, magada goma sha, rabinsu ba sa ga maciji? Jibi Juma'a dattawa za su zauna su fitar da mutum ɗaya, ko kai ko Muttaka. Ka yi shiru a ba ka. Ka ci zaɓe. In auna, in zana, mu kai sakatariya da hujja a hannu. Sannan ka buɗe baki."

"Katangar ƙasa damina ce ke kayar da ita," Hashim ya ce. "Ta siminti sai jikokinmu."

"Ai gara jikokin da a yi maka dariya jibi. Mutumin da ya ce zai yi abu bai san yadda zai yi ba, sunansa mahaukaci ko maƙaryaci. Ka zaɓa."

Hashim bai zaɓa ba. Ya tashi.

Ya tarar da 'Yardada a gindin bishiyar lallenta, tana tsince ganye a faifai. Tsohuwar bishiya ce, kusa da inda katangar take a da. Marigayi Malam, mijinta, shi ya dasa mata shekarar da aka kawo ta, kuma babu amaryar da aka yi a lungun da ba a tsinko mata daga nan ba. 'Yardada ƙawar kakar Hashim ce, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Ga angon ƙarya," ta ce. "Ba cefane, ba sabulu. Yau da katanga ta faɗi ka samu hanyar shigowa ba sallama."

"Na yi sallama. Kunnen ne ya tsufa."

"Uwarka ce ta tsufa. Zauna."

Ya tsuguna. Ya faɗa mata a gajarce: in za a tayar da katangar, a ja ta baya.

"Baya nawa?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin talaka ko na ɗan siyasa?"

Ya yi murmushi. Ta ci gaba da tsintarta. Ita ce ta riƙe kan Luba a cikin baron, bai buƙaci tuna mata ba.

"In na ja ni kaɗai," ta ce, "na yi wa yara wurin fitsari ke nan, na gina wa akuyar mutane ɗaki. Wa zai biyo bayana?"

"Ban sani ba."

"To maganar tsakar gida iska ce. Je ka faɗa a gaban maza, inda in ka tsere za a nuna ka da baki. In ka faɗa, ni ma zan faɗa."

"Taron maza ne."

"Ni tsohuwa ce. Ba inda ba na shiga."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mai Unguwa. Muttaka aka fara ba wa dama. Gidan burodi gare shi, kuma ya iya tsara zance. Ya ce zai gyara famfon tuƙa-tuƙan bakin masallaci, zai sa a yashe kwata kafin kowace damina, zai bi maganar taransifoma. Ya faɗi wanda za a gani a kan kowanne, da watan da za a fara. Babu ƙarya a ciki. Hashim kansa ya gyaɗa kai.

Da aka zo kansa ya miƙe. Nazeer na gefe, ya kafe shi da ido.

"Ni abu ɗaya nake so," ya ce. "A Daidaita Sahu ya shiga lungunmu daga titi har ƙarshe. Kowane gida ya ja katangarsa baya."

Sai wani ya tuntsire da dariya, ta bazu.

"Malam Hashim," in ji Muttaka, cikin ladabi, "da hannu za ka ture gidajen, ko da bokitin roba?"

Aka sake dariya.

"A'a, tambaya nake tsakani da Allah. Gida nawa ne?"

"Ban sani ba."

"Wa zai biya?"

"Ban sani ba tukuna."

"Shekara nawa za a ɗauka?"

"Allah ya sani."

Wani dattijo ya ɗaga carbinsa. "Zaurena fa? A nan kakana ya karantar. Shi ma za a yanka?"

Da Hashim ya ce a'a, da ya wuce wurin. Ya ce, "Wataƙila, Baba."

Nazeer ya sunkuyar da kai.

"Abin da na sani," Hashim ya ƙara, "gobe za a kafa bulo a kwanar can. In aka kafa a inda take, an rufe maganar. Shi ya sa na faɗa yau, ban jira na san sauran ba."

Daga bayan taron, jikin bango, murya ta taso. 'Yardada ce, dogare da sanda, mayafi har goshi.

"Mai Unguwa, ni na ja tawa. Iya abin da keken zai wuce. Ku shaida."

Dariyar ta ɗauke. Mai Unguwa ya dubi Liman, Liman ya ce an shaida, aka shafa fatiha. Daga nan dattawa suka shiga zaure. Ba su daɗe ba. Muttaka suka ba wa. Suka ce Hashim yaro ne mai kyakkyawar niyya, gaba tasa ce. Ya je ya ba Muttaka hannu. Abin ya yi masa ciwo, amma bai kai yadda ya zata ba.

Asabar da hantsi magini ya iso da igiyarsa da turaku. Ya dubi Hashim.

"An ce kai za ka nuna. Ina za a kafa?"

Sai a lokacin Hashim ya ga bai san ko wannan ba. Ya shiga ya kwance igiyar guga daga rijiyar gidan, ya fita bakin titi, ya tare wani mai A Daidaita Sahu. Ya auna faɗin keken daga gefe zuwa gefe, ya ƙulla, ya ƙara taƙi ɗaya ya sake ƙullawa. Mai keken ya bi shi da kallo. Ya dawo ya shimfiɗa igiyar daga bangon da ke fuskantar gidan. Ƙullin ya faɗi gaban bishiyar lallen, da ɗan tazara. Magini ya ɗaga guduma.

"Dakata."

Nazeer ne, da tef ɗin awo a hannu. Tun jiya bai yi wa Hashim magana ba, yanzun ma ƙasa yake kallo.

"Kwana ce nan. Keke ba jaki ba ne, ba ya lanƙwasa ƙugu. In kuka kafa a nan zai shigo ya cije, ba gaba ba baya. Kun yi asarar filin ke nan a banza."

Ya ba Hashim bakin tef ɗin ya riƙe. Ya ja, ya zagaya, ya zana baka a ƙasa da tsinke, ya sake aunawa. Sannan ya soka tsinken inda ya kamata katangar ta bi.

Bayan bishiyar ya faɗa. Lallen ya koma cikin lungu, daidai inda ƙafar keke za ta taka.

'Yardada ta taso daga kan kujerarta, ta zo ta dubi tsinken, ta dubi bishiyar.

"Wannan ne kaɗan ɗin?"

"Ban san zai kai nan ba," in ji Hashim.

"Na san ba ka sani ba. Ai ka faɗa jiya, kowa ya ji." Ta dafa jikin bishiyar. "Da ka ce min har da shi, da ban buɗe baki ba."

"Ka ga abin da nake gudu," Nazeer ya ce a hankali, ba da gori ba.

Hashim ya saki tef ɗin. Ya dubi filin kwanar, ya san in ya yi shiru aikin zai tafi yadda yake so. Ya ce, "Ki janye. A kafa a tsohon wuri. Ni zan je in gaya wa Mai Unguwa, ba a nuna miki iyakar abin ba kika amsa."

"An shafa fatiha a kai."

"A kan abin da ba ki gani ba."

"Cewa na yi iya abin da keken zai wuce. Wani ya matse min baki? Da furfurata a ce 'Yardada ta yi amai ta lashe?" Ta juya wajen ɗaki. "A miƙo min wuƙa."

Da kanta ta zaɓi rassa masu kauri ta yanka, ta ɗaure su da tsumma, ta tsoma a tulu. Ta ce za ta dasa a bayan madafa, in sun kama sun kama. Ta sa matan gida suka tsige ganyen tas aka shanya. Da aka kawo gatari ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafin sati ya zagayo katangar ta tashi a sabon layi, fara, miƙaƙƙiya.

Yanzu lungun ya zama wani iri. Matsattse daga titi, matsattse daga ƙarshe, a tsakiya kuma kwana mai faɗi da babu keken da ya taɓa isowa gare ta. Masu baro na tsayawa nan su ba juna hanya. Da aka yi rasuwa a ƙarshen damina, makara ta karya kwanar a kafaɗa, ba a ɗaga ta ba. Wasu sun lura. Dattijon nan mai zaure ya daina amsa gaisuwar Hashim. Wani maƙwabcin kuma, da bangonsa ya tsage, ya aiko a tambaya ko nasa nawa zai ci.

Ranar da ba kasuwa sosai, Hashim da Nazeer na bin lungun gida gida. Nazeer ke awo, Hashim na riƙe bakin tef. Kafin a ja, sai ya yi sallama ya tambaya me ke bayan bangon. Wani rijiya, wani ɗakin tsohuwa, wani kabarin kaka. Abin ya fi yadda ya zata yawa. Wani lokaci yakan ce a ransa, da ya san duk wannan tun farko da bai miƙe a taron ba. Bai san ko hakan yabo ne ga shirun ko ga maganar ba.

Yakan leƙa gidan 'Yardada. Reshe biyu sun yi toho a bayan madafa. Takan zauna kusa da su a rana, don babu inuwa tukuna.

"Barka da hantsi," yakan ce.

"Barka kadai, Hashimu. Ya kasuwa?"

Sai ya ce alhamdu lillahi. Ya ɗan jira ko za ta zage shi kamar da. Sannan ya tashi ya koma wajen Nazeer.