Madara Kawai Ya Shigo Saya

…madara kawai ya shigo saya a kantin intanet. Madara da sabulu, ya ajiye wayar. To me ya kawo biskit cikin kwandon? Har kwali uku. Laifin yatsa ne. Yatsan da ya saba da almakashi, ga shagon askin a garƙame tun da annoba ta tsare kowa a gida, ba kan da zai taɓa sai fuskar waya.

"Abba ne ya sayo min." Haka 'yarsa ta ce ɗazu a kiran bidiyo, tana ɗaga cakulan, baki duk ya yi dama-dama. Har ya buɗe baki zai ce, ni? yaushe? Sai wani hannu mai agogo ya shigo hoton, ya goge mata haɓa. Mijin uwarta. Abba… wai Abba.

Cakulan. Danna. A'a, babban, wanda ya fi na wancan mutumin. Biyu.

Ita da a wuyansa take yawon kanti, ƙafafunta na dukan ƙirjinsa, tana nuna komai, uwarta na bin su a baya, "Kai kake lalata yarinyar nan." Yanzu wa ke lalata ta? An hana shi?

Lemon kwali. Alewa mai sanda. Tuffa, wadda take gutsira sau ɗaya ta miƙo masa sauran. Da wane haƙorin ma? Na gaban ya fita, ya ga giɓin da ta yi dariya. Wa ya cire? Wa ya rarrashe ta? Ba wanda ya ce masa ko girgiɗi yake yi.

Fanka na juya zafi. Kofi ɗaya a kan tebur, cokali ɗaya. Wayar na cewa masu sayen wannan sukan haɗa da wancan. To a haɗa. A cika ƙofar gidan da kwalaye, mai agogo ya fito da takunkuminsa ya rasa wajen taka ƙafa, yarinya ta tambaya, daga wa? A faɗa mata. Dole a faɗa mata.

Saura wurin da za a kai kayan. Ya ɗora yatsa.

Sun tashi daga tsohon gidan, an ce masa. Unguwar… layin…

Labule mai ruwan toka kawai ya sani, da rabin wata kujera, iya abin da yake gani a bayanta a bidiyo.