Maganar da Mama Ta Yi Ƙasa-ƙasa

Shekara tara ke nan ina gyaran sauti a situdiyo, amma har yau in aka tambayi Baba aikina sai ya ce, "'Yata ai kunne take sayarwa." Ban taɓa musa masa ba, don tun da ciwon suga ya cinye masa ido, shi ma da kunnen yake rayuwa.

Wata huɗu bayan rasuwar Mama ya kira ni ɗakinsa. Yana zaune bakin gado, rediyo a kashe a cinyarsa.

"Ranar da kika cika mana falo da wayoyi, kin tuna?"

Na tuna. Shekara uku da suka wuce aka kawo mana sababbin makirufo biyar a wurin aiki, ni kuma da rawar kaina na kwaso su gida gwaji. Na kafa su kewaye da falo, na ce kowa ya ci gaba da hirarsa, ni kuma ina naɗar sautin. Yayana ya ba da labarin yadda ya kulle kansa a banɗakin ofis, shi ya ba da labarin kuma shi ya fi kowa dariya, kamar kullum.

Baba ya ce, "Ana cikin dariyar nan uwarku ta matso ta faɗa min wata magana. Ban ji ba. Na ce me, ta ce ba komai. Ni kuma ban sake tambaya ba. Ki nemo min ita."

Na ce masa wannan ai ƙaramin aiki ne. Bakina ne ya riga hankalina.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowane makirufo da nasa layin sauti, biyar ke nan. Da kwamfutata ta cika a bara, sai na matse biyar ɗin suka koma biyu, tare da ɗan bayanin da zai gaya wa na'ura yadda za ta sake warware su. Na asalin kuwa na goge. Da hannuna na goge, don in sami wurin ajiye tallar wani sabulu.

Washegari da safe na zauna na warware sautin yadda zai dace da lasifikar kunne, don mai sauraro ya ji kowa daga inda ya zauna. Falonmu ya dawo tsaf. Ga Yaya a dama, ga fanka a sama tana ƙiƙi-ƙiƙi, ga cokali yana bugun kofi. Amma Mama ta zauna ne tsakanin makirufo biyu, kuma da aka haɗa abin da kowanne ya ɗauka sai muryoyin nata biyu suka ci juna. Tana magana kamar daga bayan ƙofa.

Wannan matsalar na san maganinta. Ana auna ƙarfin da ya kamata murya ta fito da shi, a auna wanda ta fito da shi, a cike giɓin, zango-zango daga kauri zuwa siriri. Kwana biyu na yi a kai. Mama ta dawo kujerarta ta hagu, har na ji tana ce min in ɗauke wayar makirufo daga hanya kafin wani ya karye. Na cire lasifikar na fita baranda na yi kukana, na dawo.

Sai na kai minti na goma sha ɗaya, wurin dariyar Yaya. A ƙarƙashinta akwai Mama, gaɓa shida ko bakwai, muryar ta hau ta sauka. Kalma ko ɗaya babu.

Na kira Injiniya, babbanmu a wurin aiki, mutumin da ba ya ɓata yawunsa. Ya saurara sau biyu, ya tura tabarau goshi.

"Ina na asalin?"

"Na goge."

Ya dube ni, ya dubi allon. "Kin san yadda matsewar take. Duk ƙaramin sautin da babba ya danne, na'ura tana ɗauka kunne ba zai ji ba, sai ta zubar. Ƙarfin kika mayar, kuma kin mayar daidai. Amma ƙarfi ba magana ba ne."

"Babu wata dabara?"

"In kin ƙara, hayaniya za ki ƙara."

Na ƙara ɗin duk da haka. Na rage Yaya, na tace, na ja sautin a hankali har muryar ta zama kamar ta mai barci. Ban taɓa jin haushin dariyar ɗan'uwana irin na makon nan ba, bawan Allah bai san ma ya yi laifi ba. Laifin kuma ai ba nasa ba ne, na sani.

Ranar Asabar da hantsi na kai wa Baba. Na ɗora masa lasifikar a kai, na gyara ta a kunnuwansa. Da muryar Mama ta fito sai ya juya hagu, ya miƙa hannu ya dafa katifa. Ya yi murmushi wurin faɗan waya. Da aka zo minti na goma sha ɗaya ya sunkuyar da kai, ya danne lasifikar da tafukansa biyu.

"Mayar."

Na mayar. Sau biyar.

Ya zame ta daga kunne ɗaya. "Kunnena ya tsufa. Ke da kike da na'ura, me ta ce?"

Fuskarsa tana wajena, idanun nan farare suna jira. Na ji ba zan iya ce masa na goge matarsa saboda sabulu ba.

Na ce, "Cewa ta yi, ka sha shayinka kafin ya huce."

Ya karkato da kunnensa wajena.

"Haka ta ce? Ka sha?"

"Haka na ji, Baba."

Ya girgiza kai a hankali, ba da faɗa ba. "Shekara arba'in da ɗaya uwarku ba ta taɓa ce min ka ba. A sha shayi, take cewa. A tashi, an makara. A yi haƙuri." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Babu ita a ciki, ko?"

"Muryar tana nan. Maganar ce babu. Ni na ɓatar da ita, Baba, kuma ba zan iya dawo da ita ba."

Na jira ya tambaye ni yadda aka yi. Bai tambaya ba. Ya saki hannuna, ya mayar da lasifikar kunnensa, ya gyara zama ya ba hagunsa wuri.

Ya ce, "To, a sake kunnawa."