Mace da Ɗa a Kan Allo

Tun yana saurayi Mai Fenti ke rubuta allunan shaguna, har furfura ta cim masa a cikin ɗan shagonsa mai warin kananzir. Babu harafin da bai zana ba, in ji shi. Ran nan da hantsi sai ga autarsa ta shigo da takarda a naɗe. Ta koyo Sinanci a wajen karatu, yanzu kuma za ta buɗe ajin koyar da shi, tana son allo na ƙofa.

Ya warware takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Auta, wannan rubutu ne ko kaza ce ta yi tono?"

"Rubutu ne, Baba. Su ba sa haɗa baƙi da wasali. Zane ɗaya, kalma guda."

Ta karɓi burushinsa, ta ja layi biyu a jikin wani guntun katako, kamar ƙafafu a buɗe. "Wannan mutum." Ta zana wani mai rassa. "Wannan itace. In mutum ya raɓi itace, kalmar ta zama hutu."

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Kai! Waɗannan mutane sun san rana!"

Ya ja kujera, ya ɗora allon a kan cinya, ya soma kwaikwayon abin da ke takardar da jan fenti. Hannunsa bai manta aiki ba. Tana tsaye a kansa tana gyara masa: nan a ja daga sama, nan a lanƙwasa.

"To, wannan babban na tsakiya fa?"

"Na hagu mace ne. Na dama ɗa. In sun haɗu, ma'anarsa alheri."

"Me ya kawo mace da ɗa a allon makaranta?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta, murmushi na neman ƙwace mata. An daɗe da aurenta shiru ba haihuwa, har dangi sun gaji da tambaya, shi kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ya dube ta, ya dubi allon. Burushin ya subuce, ya ja jan layi tun daga tsakiya har ƙasa.

"Baba, ka ɓata! Yanzu ba ya nufin komai!"

"Ya ɓaci mana! Katako ya ƙare a duniya ne?"

Ya miƙe, ya ture gwangwanin fenti da ƙafa bai ko waiwaya ba.

"Fita, fita, warin nan bai kamace ki ba. Zauna a benci, a inuwa. Babarki ta sani?"

"Tun shekaranjiya."

"Au, ni ne na ƙarshe? Shi ya sa take ta waƙa a kicin!"

Maƙwabcinsa mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. "Lafiya, Mai Fenti? Rigarka duk ja."

"Lafiya lau. Kashe injin nan, ƙara ta yi yawa. Yau Sinanci na karanta!"